Emlen Tunnell: Mai Tsaron Baya

Ɗalibai, kun saba da ƙwallon ƙafa irin wadda ake bugawa a filin makarantarku. Amma a Amurka akwai wani wasa dabam wanda su ma suke kira ƙwallon ƙafa. Ƙwallonsu doguwa ce kamar ƙwai, kuma da hannu ake riƙe ta ana gudu, ko a jefa wa abokin wasa. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa goma sha ɗaya a fili. Idan ƙwallo tana hannun ɓangare ɗaya, sai ɗaya ɓangaren ya shigo da masu tsaron baya domin su tare hanya. Yau za ku karanta tarihin ɗaya daga cikin gwanayen masu tsaron baya, wato Emlen Tunnell.

An haifi Tunnell a garin Bryn Mawr na jihar Pennsylvania cikin shekarun 1920. Baƙar fata ne, kuma ya tashi a zamanin da ake nuna wa baƙar fata wariya a makarantu, da wuraren aiki, har ma da filin wasa. Tun yana yaro ya iya wasanni, don haka ya sami shiga Jami'ar Toledo. A can ne, a shekarar 1942, ya karye a wuya yana cikin wasa. Raunin ya yi tsanani ƙwarai, har aka ɗauka cewa shi da fili sun rabu ke nan.

A lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Tunnell ya nemi shiga sojan ƙasa da sojan ruwa, amma duk suka ƙi ɗaukarsa saboda wuyansa. A 1943 sai Rundunar Tsaron Gaɓar Teku ta karɓe shi. Aikin da aka ba shi a cikin jirgin ruwa shi ne hidimar abinci, domin irin aikin da aka fi ba baƙar fata ke nan a wancan zamani.

Ku lura da abin da ya yi a wannan ƙaramin matsayi. A watan Afrilu na 1944, jirgin saman Japan ya kai wa jirginsu mai suna Etamin hari a gaɓar tsibirin New Guinea. Wuta ta kama jikin wani abokin aikinsa. Tunnell ya sa hannunsa ya kashe wutar, shi ma ya ƙone, sa'an nan ya ɗauki mutumin ya kai shi wurin magani. A watan Maris na 1946 kuma, a Newfoundland, wani abokin aikinsa ya faɗa cikin teku. Ruwan yana da sanyin ƙanƙara, amma Tunnell ya yi tsalle ya bi shi, ya ceci ransa.

Da ya bar aikin soja sai ya koma wasa a Jami'ar Iowa. Daga nan ya so ya zama ƙwararren ɗan wasa, amma ƙofa ba a buɗe take sosai ba. Daga 1934 zuwa 1945 babu baƙar fata ko ɗaya a babbar gasar ƙasar, wadda ake kira NFL. Tunnell bai zauna jiran a kira shi ba. A 1948 ya kama hanyar New York, yana roƙon masu mota su rage masa hanya. Ya shiga ofishin ƙungiyar Giants da ƙafarsa, ya nemi a gwada shi. Aka gwada shi, aka ɗauke shi. Shi ne baƙar fata na farko da ya yi wa wannan ƙungiya wasa.

Mene ne aikinsa a fili? Yakan tsaya can baya, bayan sauran masu tsaro. Idan abokin gaba ya kuɓuce wa kowa, to, saura shi. Idonsa yana kan mai jefa ƙwallo, yana karanta inda za ta faɗa. Da zarar an jefo ta, sai ya riga wanda aka jefa wa, ya cafke ta a sama, ya sheƙa da ita. A shekara goma sha huɗu da ya yi yana wasa, ya cafke ƙwallon abokan gaba sau 79. Babu wanda ya kai wannan adadi a lokacin, kuma har yau mutum ɗaya ne kawai ya wuce shi, wato Paul Krause, wanda ya cafke sau 81.

Tunnell ya ci kofin gasa tare da Giants a 1956. A 1959 ya koma ƙungiyar Green Bay Packers, ƙarƙashin mai koyarwa Vince Lombardi, inda ya sake cin kofi a 1961. Bayan ya daina wasa ya dawo Giants, yana nemo musu matasa masu hazaƙa, yana kuma koyar da masu tsaron baya. A 1967 aka shigar da sunansa cikin Zauren Gwanayen wasan da ke garin Canton na jihar Ohio. Shi ne baƙar fata na farko da ya sami wannan daraja.

Ya rasu a watan Yuli na 1975 sakamakon ciwon zuciya. Lambar yabo ta ceton rai ba ta same shi da rai ba, domin sai a 2011 Rundunar Tsaron Gaɓar Teku ta ba da ita. A 2021 kuma rundunar ta ƙaddamar da wani sabon jirgin ruwa mai ɗauke da sunansa.

Sau da yawa 'yan kallo sun fi yi wa mai cin ƙwallo tafi. Amma idan kun je kallon wasa, ku dubi wanda yake tsaye a baya. Aikinsa shi ne ya hango haɗari kafin ya iso, ya tare wa 'yan'uwansa. Wannan aiki Tunnell ya yi a fili, shi ne kuma ya yi a teku.