Tarihin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, Mai Kasuwar Kurmi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, wannan taƙaitaccen tarihi ne na Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu ɗan Abdullahi Burja, sarki na 20 cikin jerin sarakunan Kano tun daga Bagauda. Ya ci sarauta a shekara ta 867 ta Hijira, watau 1463, ya rasu a 904, watau 1499. Shekara 37 ke nan bisa lissafin wata. Ku sani, ya ku malamai da fatake, wannan sarki ya bar wa Kano gidan sarauta da kasuwa, kuma a zamaninsa aka rubuta mata littafin da ya faɗi iyakar abin da ya halatta gidan sarauta ya karɓa daga hannun talakawa. Gidan yana nan, kasuwar tana ci, littafin kuwa shi ne ma'aunin da a ke auna sarakunan da suka biyo baya.

Ba kango Rumfa ya tarar ba. Littafin Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun zo daga Mali da addini tun zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ko da ya ke littafin Asalin Wangarawa ya sa zuwan shugabansu, Abdurrahmani Zaiti, a zamanin Rumfa kansa. Kakansa Abdullahi Burja ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, shi ne kuma aka ce ya fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa. A zamanin ubansa Yakubu, Fulani malamai suka iso daga Mali da littattafan tauhidi da lugga, a kan Alkur'ani da fiƙihu da hadisi waɗanda a ke da su tun da. A wannan zamani ne gishirin Azbin ya wadata, Barebari suka yawaita, Larabawa suka zo suka zauna. Saboda haka sa'ad da Rumfa ya hau gado, baƙi sun riga sun cika gari, dukiya tana shigowa ta kowace ƙofa, amma tsarin mulki yana nan irin na kakanni, bai kai girman garin ba.

Ba Kano kaɗai ke motsi a wannan lokaci ba. Shekara goma kafin sarautarsa, a 1453, Turkawa suka ci birnin Istambul. A Masar, Sultan Ƙayitbai ya riƙe mulki daga 1468 zuwa 1496, Alkahira tana cike da malamai irin su Jalaluddini Suyuɗi. A gabas Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu, a yamma Sunni Ali ya ɗaukaka daular Sangai, sa'an nan Askiya Muhammadu ya karɓe ta a 1493. A Katsina akwai Muhammadu Korau, a Zazzau akwai Muhammadu Rabbo. Kowace daga cikin waɗannan dauloli tana neman malaman da za su daidaita mata hukunci, da fataken da za su cika mata baitulmali.

Mutanen Kano suna riwaito cewa Rumfa ya riƙe sarautar Makama kafin ya zama sarki, ya zauna a gidan da a ke kira Gidan Makama, wanda ya ke gidan ajiye kayan tarihi a yau. Da ya sami sarauta sai ya fita daga tsohon gari na kusa da Dala, ya gina sabon gida a fili wajen kudu. Masu tarihi su kan sa ginin tsakanin 1479 da 1482. Sa'an nan ya faɗaɗa ganuwa domin ta kewaye sabon gidan, daga Ƙofar Dagaci ya nufi Ƙofar Mata, har aikin ya kai wajen Ƙofar Na'isa da Ƙofar Kansakali. Wannan ƙaura tana da ma'ana. Tsohon gari wurin tsafi ne tun zamanin Barbushe, masu gargajiya suna da ƙarfi a cikinsa. Da sarki ya sake mazauni, sai ya sami damar tsara fadarsa yadda ya ga dama, ya jawo waɗanda ya so kusa da shi.

Amma batun kasuwa, shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara, tsakanin tsohon gari da sabuwar fada. Amfanin kasuwa guda babba a ƙarƙashin idon sarki sananne ne ga kowane falke: baƙo ya san inda zai sauke kayansa, mai gida da dillali suna tsaye a kansa, in an cuce shi akwai wurin kai ƙara. Nan gishiri da dawaki da kayan Larabawa suka riƙa haɗuwa da goron Gwanja, da kanwa, da fatu, da tufafin da masaƙa da marina na Kano suka yi. Bayi ma suna cikin hajar wannan zamani. Wuri kuwa bai zama kuɗin Kano ba tukuna, gama Tarihin Kano ya sa shigowarsa a zamanin Sarki Sharefa, 1703 zuwa 1731. Hasanul Wazzani, matafiyin Fas wanda ya gama littafinsa a 1526, ya siffanta mutanen Kano da cewa attajirai ne da masu sana'a, ƙasarsu kuma mai yawan hatsi da shinkafa da auduga.

Wannan hatsi da audugar ba cikin ganuwa a ke noma yawancinsu ba. Ƙarfin Kano tun asali karkararta ce, irin ƙasar da kogin Watari ya ratsa wajen Bagwai da Bici, inda gona ke manne da gona, ƙauye yana hangen ƙauye. Ayarin raƙuma ba ya sauka garin da babu gero da dawa, masaƙi ba ya aiki sai manomi ya kawo auduga, marini kuma sai an noma masa baba. Daga irin waɗannan gonaki a ke tara hatsin da ke ciyad da fada da mayaƙa da baƙi. Don haka tambayar abin da ya halatta sarki ya karɓa daga manomi da falke ita ce babbar tambayar mulkin Kano, a zamanin Rumfa da bayansa.

Wajen tsarin sarauta, Tarihin Kano ya lissafa masa abubuwa 12 waɗanda shi ya fara su. Daga ciki akwai Tara ta Kano, watau majalisar manyan hakimai tara masu ba sarki shawara. Ya ba bābanni sarautu, har da ta Ma'aji, domin wanda ba shi da 'ya'ya ba ya tara wa magada, ba ya kuma neman gadon sarauta. Shi ya fara kakaki da figini da takalmin gashin jimina, da dawakin zage. Shi ya fara kulle. A zamaninsa aka fara sallar Idi a Shadakoko. Saboda kamanta fadarsa da fadodin gabas aka yi masa laƙabi da Balaraben sarki.

Babban al'amarin zamaninsa shi ne zuwan Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimi Almagili, mutumin Tilimsan, malamin mazhabar Maliku. Shaihun ya zauna a Tuwat cikin Sahara, inda ya yi jayayya mai tsanani da alƙalin wurin a kan Yahudawan Tamantit, har aka rushe ɗakin ibadarsu da fatawarsa, alhali waɗansu malamai ba su yarda da ita ba. Daga nan ya biyo ta Azbin ya iso ƙasar Hausa, ya karantar a Kano da Katsina. Riwayar Kano ta ce bisa umurnin baƙon malami aka sare itacen da a ke tsafi a gindinsa, aka gina masallacin Juma'a da hasumiya. Sharifan Kano, masu sarautar Sidi Fari, gare shi su ke danganta kansu. A shekara ta 897, watau 1492, shekarar da Garnaɗa ta fita daga hannun Musulmin Andalus, Shaihun ya rubuta wa Rumfa wasiyya a kan abin da ya halatta ga mai mulki wajen tsawatar da mutane daga haram. Sarki ne ya yi tambaya, malami ya amsa a rubuce.

Littafin da ya fi shahara shi ne Tajuddini, a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Babi takwas ne: kyautata niyya, kyautata kama da shiga, tsara masarauta, tsantseni a gida da tafiya, binciken al'amura, adalci cikin hukunci, tara dukiya ta hanyar halal, da kashe ta inda ya dace. Ya lissafa ma'aikatan da daula ke bukata, tun daga wazirai da magatakarda da masu lissafi har zuwa alƙalai da limamai da muhtasibai masu duba kasuwa. Ya wajabta wa sarki ya zauna wa jama'a kullum yadda mace da yaro da raunana za su iya kai kukansu gare shi, ya riƙa bincikar halin 'yan kurkuku da dukiyar marayu, ya sa ido a kan hakimansa. Abin da Shaihun ya yi ta maimaitawa shi ne haɗarin sarkin da ya ɓuya wa talakawansa, domin a bayan wannan labule fadawa ke cin amana.

Babi na bakwai shi ya fi shafar masu gona da masu kasuwa. Shaihun ya ƙididdige hanyoyin da dukiya ke shiga baitulmali da halal, kamar zakkar kuɗi da ta amfanin gona da ta dabbobi, da humusin ganima, da jiziya, da dukiyar da ba ta da magaji. Sa'an nan ya hana sayad da sarauta ko alƙalanci, ya hana rashawa, ya hana ƙwace dukiyar mutum da sunan horo, ya hana kuɗin fito na zalunci da a ke ɗora wa fatake. In wata masifa ta auku baitulmali kuwa babu kome, ya yarda a nemi taimakon jama'a gwargwadon ikon kowa, ba tare da an mai da shi al'ada ba.

Ba a ce Rumfa ya cika dukan wannan ba. Littafin da ya yabe shi shi ne ya faɗi cewa shi ya fara kame, ya sa a na ɗebo masa 'yan mata daga gidajen bayin sarki, har matan gidansa suka kai dubu. Ya kuma yi yaƙi da Katsina shekara 11 ba wanda ya rinjayi wani, ga asarar rayuka da tsaikon fatauci tsakanin garuruwa biyu 'yan'uwa. Falalarsa ita ce ya nemi a rubuta masa haddi, ya karɓi rubutun da ke iya zama hujja a kansa.

Almagili ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, ya amsa masa tambayoyi, har da na tauye mudu da algus cikin ciniki. Daga can ya koma Tuwat bayan an kashe ɗansa, ya rasu wajen 1504. Rumfa ya riga shi da 'yan shekaru. Ɗansa Abdullahi ya gaje shi, sa'an nan jikansa Muhammadu Kisoki, daga baya kuma wani ɗansa, Abubakar Kado, wanda ya sa 'ya'yan sarki karatun Alkur'ani.

Abin da ya faru daga baya ya nuna amfanin babin nan na bakwai. Sarki Kutumbi, 1623 zuwa 1648, ya fara karɓar jangali. Sharefa ya ƙara haraji iri iri. Da aka zo kan Kumbari, 1731 zuwa 1743, sai ya tsananta wa Kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, ya sa malamai ma suka biya. Larabawa suka tashi suka koma Katsina, talakawa suka gudu ƙauyuka. Kasuwar da aka kafa da aminci, zalunci ya kusa watsa ta. Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi, rubuce-rubucen Almagili suna cikin manyan hujjojinsa a kan sarakunan Hausa, ya kawo wasiyyar nan ta Rumfa cikin Tanbihul Ihwani. Ƙanensa Abdullahi ya sauka Kano ya rubuta wa mutanenta Liya'ul Hukkami a kan wannan tafarki. Kano ta shiga hannun jama'ar Shehu a 1807, sarakunan Fulani suka zauna Gidan Rumfa, suka riƙe kakaki da figini. A 1932 aka buga Tajuddini a Bairut tare da fassarar Turanci.

To, wanda ya shiga Kurmi da kayansa, ko ya kai hatsinsa birni daga bakin Watari, ko ya buɗe littafin Almagili gaban almajirai, yana cin gadon zamanin wannan sarki ne. Haƙƙin malami ya faɗi haddi in an tambaye shi, haƙƙin mai mulki ya tsaya a kansa, haƙƙin mai ciniki ya cika mudu. Allah ya ji ƙan Sarki Muhammadu Rumfa, ya gafarta masa kurakuransa, ya saka wa malaman da suka yi masa nasiha da alheri. Amin.