Nana Asma'u: malamar da ta kai makaranta har tsakar gida

'Yan'uwana ɗalibai, duk sanda aka tayar da zancen ba mata dama kamar maza wajen karatu da neman na kai, sai ka ji wani ya ce ai wannan aƙidar Turawa ce. Shi ya sa a wannan fitowar na zaɓi in kawo tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta yi aikinta ta gama tun kafin Bature ya ci ƙasar Hausa.

An haife ta a Ɗegel a 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Ta tashi a gidan da ake ɗaukar karatun mace wajibi. Shehu da kansa ya soki malaman da suke karantar da almajirai, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ta haddace Alƙur'ani, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa da harshen Buzaye. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ta ga yaƙi da yunwa da idonta. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, kuma yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana shawara da ita. Rubuce-rubucenta da suka iso gare mu sun kai 60.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne tsarin 'Yan Taru, wanda ta kafa bayan rasuwar Bello a 1837. Yaƙi ya bar zawarawa da marayu da ɗimbin matan karkara waɗanda ba su da halin zuwa gaban malami. To, sai ta zaɓo dattijuwa mai hankali da riƙon amana daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani a matsayin shaidar muƙami. Jaji takan jagoranci ayarin tsofaffi da 'yan mata ƙanana su zo wurinta, su haddace darasi cikin waƙa, su koma su karantar da matan aure a cikin gidajensu. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da tufafi, ita kuma ta raba wa mabuƙata.

Kada mu manta fa, arzikin daular a wuyan mata yake. Zanen Kano da matafiyi Barth ya tarar a 1851 ana kai shi har Tambutu da Tarabulus, mata ne suke kaɗa zarensa kafin ya je hannun masaƙi da marini. A ganina Asma'u ta gane cewa ƙasar da take son miƙewa bayan yaƙi ba za ta bar rabin jama'arta a duhu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙe 'Yan Taru, tsarin ya rayu har bayan zuwan Turawa a 1903. Abin da aka gina a hannun mutanen gari ba ya mutuwa da mai shi.

Yanzu mu dawo gida. Shiga kasuwar Shuwarin ka duba ƙuliƙuli da man gyaɗa da daddawa da riɗin da aka gyara. Yawanci daga tsakar gida suka fito, daga hannun matan da ba su taɓa taka kasuwar ba, ba su san farashin ranar ba, sai abin da ɗan aike ya dawo da shi. Da yawansu ba su da asusun banki, jarinsu adashi ne kawai.

Mu kuwa muna nan Dutse muna karanta akanta da kasuwanci da kwamfuta. Me zai hana ƙungiyar ɗalibai ta fitar da nata jajojin? Kowace ɗaliba idan an yi hutu ta tara mata biyar a unguwarsu, ta koya musu rubuta uwar kuɗi da riba, da duba saƙon banki a waya. Mu maza kuma mu fara da barin ƙannenmu mata su gama makaranta.

Allah Ya jiƙan Nana, Ya ba mu ikon koyi da ita.