Fasali Cikin Ambaton Nana Asma'u Ɗiyar Shehu, Allah Shi Yarda da Ita

Da sunan Allah muke farawa. Tsira da aminci su tabbata bisa Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ku sani, ya ku 'yan'uwa almajirai na Gummi da Anka da Bukkuyum, masu ɗaure kaya zuwa Sakkwato domin ziyarar Hubbare, cewa kusa da kushewar Shehu Usmanu akwai kushewar ɗiyarsa Nana Asma'u. Da yawa cikinku suna yin sallama ga uban su juya, ba su san wadda ke kwance kusa da shi ba.

An haife ta a Ɗegel, shekara ta 1208 ga hijira, wato 1793, tagwaye ita da Hasan. Uwarsu Maimuna. Ba ta wuce shekara 11 ba anka yi hijira zuwa Gudu, cikin 1804. A ƙarshen wannan shekara anka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda mahardata Alƙur'ani wajen 200 sunka yi shahada. Kana jama'a tas sauka Sabon Gari cikin ƙasarmu ta Zamfara a 1805, ga yunwa, ga ciwo. Yarinyar da tag ga wannan da idonta ba ta bukatar a karanta mata mutuwa cikin littafi.

Ta hardace Alƙur'ani, tana rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda yaz zama wazirin Sarkin Musulmi Bello. Hanyarta Ƙadiriyya ce, hanyar ubanta.

To, abin da muke nufi daga labarinta shi ne aikinta ga matattu. Da baffanta Abdullahi yar rasu a Gwandu, 1829, ta yi masa marsiyya. Da ɗan'uwanta Bello yar rasu a Wurno, 1837, ta yi masa. Haka mijinta Giɗaɗo, haka aminiyarta A'isha matar Bello. Wannan ba abin mamaki ba ne, manya ba su rasa mai ambatonsu. Amma ta yi ma Halima, maƙwabciyarta. Ta yi ma Hauwa'u, jajin da ke jawo mata daga ƙauye zuwa karatu. Ta yi ma Zaharatu, wadda ke tsayawa ga mai naƙuda, ke wankan gawa, ke koya ma jahila addini. Su wane ne waɗannan a idon fada? Ba sarauta, ba dukiya. Yau ga shi, shekara fiye da 150, muna kiran sunansu muna roƙa musu gafara, domin ɗiyar Shehu ba ta raina su ba.

Ku lura da tsarin marsiyyarta. Tana faɗin ayyukan mamaci na alheri ɗaya ɗaya, domin mai ji shi kwaikwaya. Ba ta ɓoye baƙin cikinta da hawayenta. Kana ta koma ga yarda da hukuncin Allah, ta roƙa masa gafara da haɗuwa a Aljanna. Hawaye ba laifi ba ne. Kururuwa da yaga tufa da birgima, su shari'a ta hana. Taron uku da bakwai da arba'in kuwa, malamai sun saɓa cikinsa, kowa da hujjarsa, ba nan ne wurin warware shi ba. Abin da ba saɓani cikinsa shi ne a dafa shinkafar taro da dukiyar marayu, ko a yi ta kafin a biya ma mamaci bashinsa. Wannan mun gan shi cikin garuruwanmu, kuma ɓarna ce ko da an kira ta sadaka.

Bello ne yan neme ta ta waƙe sunayen mata salihai, ta yi da Fillanci da Hausa. Ta faro daga matan Annabi da ɗiyansa, ta biyo ta Rabi'atul Adawiyya da waliyyan gabas, har ta iso ga matan jama'ar Shehu waɗanda ta sani ido da ido. Tana tawassuli da su zuwa ga Allah, shi ne Mai bayarwa, ba kushewa ba.

Waɗannan waƙoƙi 'yan taru sunka ɗauka. Tana naɗa jaji da malfa da jan ƙyalle, jaji ta taho da tsofaffi da 'yan mata, su hardace, su koma ƙauyukansu su koya ma matan da aure yat tsare cikin gida.

Ta rasu shekara ta 1280, wato 1864, tana da shekara wajen 71. 'Yar'uwarta Maryam tar riƙe 'yan taru bayanta. Wanda Allah yak kai Hubbare cikinku, shi shiga da alwala da natsuwa, shi yi sallama ga Shehu, shi yi mata, shi roƙa musu rahama, kana shi ambaci matattun gidansu da sunansu, har ungozomar da tak karɓe shi. Allah shi gafarta musu, shi gafarta muna. Amin. Tammat bi hamdillahi.