Uwargida Marian MacDowell, Mai Masaukin Masu Fasaha

Duk ɗalibin da ya taɓa neman wurin karatu a ɗakin kwana lokacin jarrabawa ya san darajar shiru. Matar da za mu ba da labarinta ta kashe rabin rayuwarta tana saya wa waɗansu wannan shirun.

An haifi Marian Nevins a birnin New York na Amurka a 1857. Allah ya ba ta baiwar kaɗa fiyano, sai ta tafi Jamus neman ƙarin ilimi. A Frankfurt ta sami malami, wani saurayi ɗan ƙasarsu mai suna Edward MacDowell, suka yi aure a 1884. Da ta ga baiwar maigidanta ta tsara kiɗa, ta ajiye nata aikin, ta ɗauki nauyin gida da kuɗin gādonta domin ya zauna ya yi rubutu. Waɗansu za su ce ta yi wa kanta asara, kuma ba su rasa hujja ba.

A 1896 ta sayi gona a Peterborough, cikin jihar New Hampshire, aka gina masa 'yar bukkar katako a kurmi. Can aikinsa ya yi albarka ƙwarai, har suka yi sha'awar waɗansu ma su ɗanɗana irin wannan zama. Amma ciwo ya kama Edward, hankalinsa ya gushe. A 1907, yana kwance, Marian ta miƙa gonar ga wata ƙungiya wadda ba ta neman riba. Baƙin farko 'yan'uwa mata biyu ne, Helen Mears mai sassaƙa da Mary Mears marubuciya. Ya rasu a watan Janairu 1908.

Ga gona, ga niyya, amma ina kuɗi? Gwauruwa mai shekara 50, ga ciwon baya wanda yakan sa ta dogara sanda, ta koma kan fiyanon da ta bari. Shekara wajen 25 tana bin garuruwan Amurka da jirgin ƙasa, tana kaɗa kiɗan mijinta a gaban ƙungiyoyin mata da na masu son kiɗa, abin da aka tara kuwa ya tafi ginin ɗakuna. Da guguwar 1938 ta kwantar da itatuwan gonar, tana da shekara 80, ta sake fita roƙo.

Tsarin wurin ba wuya. Kowane baƙo da ɗakinsa a cikin kurmi, ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa sai da gayyata. Da rana akan ajiye masa abinci cikin kwando a bakin ƙofa, da maraice duka su taru su ci tare. A nan Thornton Wilder ya yi aikin wasansa Our Town. Aaron Copland da James Baldwin ma sun zauna.

Marian ta rasu a Los Angeles a 1956, tana da shekara 98, aka binne ta kusa da mijinta a Peterborough. Wurin yana nan da ɗakunan aiki 32, kuma ba a karɓar kuɗin masauki daga wanda aka zaɓa.