Tarihin Shehu Abu Zaidi al-Balkhi, Malamin da Ya Gane Ciwon Waswasi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, wannan shi ne labarin Abu Zaidi Ahmad ɗan Sahlu. An haife shi a ƙauyen Shamistiyan kusa da birnin Balkhu, cikin ƙasar Afganistan ta yau, wajen 850 Miladiyya. Mahaifinsa malamin makarantar yara ne.

Da ya tasa sai ya bi ayari zuwa Iraƙi neman sani. Ya yi shekara 8 a can, ya ɗauki karatu wurin al-Kindi, sa'an nan ya komo gida ya zauna karantarwa. Sarkin Balkhu ya nemi naɗa shi waziri, ya ƙi, ya karɓi aikin magatakarda kaɗai. Ya wallafa littattafai wajen 60. Allah Ya yi masa rasuwa a 322 Hijira, watau 934.

Cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfusi ya keɓe babi ga waswasi. Ya nuna cewa mugun tunanin da ke manne wa mutum, ya kore shi ya komo, cuta ce mai asali a halittar jiki, tana neman magani kamar zazzaɓi. Ya hori mai ita da ya guji kaɗaici da zaman banza, ya riƙi sana'a, ya sami amini mai hankali wanda zai riƙa warware masa tsoronsa.

Bayan shekara dubu likitoci suka taras da maganarsa. Na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta nuna cewa ga mai waswasi mai tsanani, sashen da ke bisa idanu yana cin sukari fiye da ƙima, alamar aiki ba hutawa. Tun 1949 aka soma wata tiyata a Faransa ta yanke 'yan jijiyoyin da ke haɗa sashen da cikin ƙwaƙwalwa, kuma ga waɗanda suka sami sauƙi an ga cin sukarin ya ragu. Amma ba a yin ta sai ga ƙalilan da ƙwayoyi da horon likita suka gaza musu.

Saboda haka almajirin da ke maimaita alwala har jam'i ya wuce shi, ko ɗan kasuwar Dutse da ke komawa duba kwaɗon rumfarsa sau goma, kada a zarge shi da raunin imani. A yi masa addu'a, a kai shi asibiti. Allah Ya jiƙan Abu Zaidi, amin.