FARANSIS NA ASISI: ƊAN ATTAJIRIN DA YA AJIYE TAKOBI

An haifi Faransis a garin Asisi na ƙasar Italiya wajen shekarar 1182. Ubansa attajiri ne mai fataucin tufafi har Faransa. Yaron ya tashi da son ado da shagali, ba shi da buri sai na zama barde.

A 1202 yaƙi ya ɓarke tsakanin Asisi da maƙwabciyarta Ferujiya. Aka kama shi, ya yi kusan shekara guda a kurkuku, ya fito ba lafiya. Duk da haka a 1205 ya sake ɗaura ɗamara ya nufi kudu. Masu tarihinsa sun ce da ya ya da zango a Sifoleto, sai ya ji murya cikin barci tana tambayarsa wa ya fi cancanta a yi wa bauta, ubangida ko bara. Gari na wayewa ya juya gida.

Daga nan ya shiga keɓewa a kogo da tsofaffin majami'u yana addu'a, yana sauraron abin da Allah zai nuna masa. Ya yi jinyar kutare, ya mayar wa ubansa kome, har tufafin jikinsa. A 1209 Paparoma ya amince da ƙungiyarsa ta masu zaman talauci.

To, a 1219 rundunar Kiristocin Turai ta kewaye birnin Dimyat na Masar, Faransis kuwa ya iske su can. An ce ya gane cikin addu'a cewa in suka fita daga a ranar da suka shirya, ba za su ji da daɗi ba. Ya rasa ta yi: in ya faɗa a ce mahaukaci ne, in ya yi shiru zuciyarsa ba za ta bar shi ba. Ya dai faɗa, suka yi kunnen uwar shegu, suka kuwa sha kashi a ƙarshen Agusta.

Bayan haka ya ɗauki abokin tafiya guda, ko sanda babu, ya ƙetara zuwa sansanin Sarkin Masar Malik al-Kamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddin Ayyubi. Wa'azi ya kai shi. Sarki ya sauke shi, ya saurare shi 'yan kwanaki, kowa ya tsaya kan addininsa, sannan ya sa aka raka shi lafiya.

A dokar da ya rubuta wa mabiyansa a 1221, ya hore su cewa wanda zai zauna cikin Musulmi kada ya ta da gardama ko husuma, kada kuma ya ɓoye addininsa.

Ya rasu ran 3 ga Oktoba 1226, Cocin Katolika ta ayyana shi waliyyi a 1228. A garinsa ne shugabannin addinai na duniya, har da Musulmi, suka taru a 1986 don roƙon zaman lafiya.