John Dewey: Malamin da Ya Haɗa Aiki da Tunani

Ɗalibai, kun taɓa haddace darasi, kuka ci jarrabawa, amma bayan mako biyu kuka neme shi a kanku kuka rasa? Wannan matsala ce ta dami wani malami ɗan ƙasar Amurka mai suna John Dewey, har ya ƙare rayuwarsa yana neman maganinta.

An haife shi ranar 20 ga Oktoba, 1859, a garin Burlington na jihar Vermont. Mahaifinsa mai kantin kayan masarufi ne. Ya kammala jami'ar jiharsu a 1879, ya koyar a makarantar sakandare, sannan ya sami digirin digirgir a Jami'ar Johns Hopkins a 1884. A 1894 ya zama shugaban sashen falsafa a Jami'ar Shikago.

A wancan zamani, ɗalibai kan zauna a jere, malami yana faɗi suna maimaitawa. Dewey ya ba da labarin yadda ya zaga kantunan Shikago yana neman teburan da yara za su yi aiki a kansu, bai samu ba. Wani mai kanti ya bayyana masa cewa teburan da ake sayarwa duk na zaman sauraro ne. Daga nan ku gane halin da makarantu suke ciki.

A 1896 ya buɗe makarantar gwaji a jami'ar da yara 16. Suna girki da saƙa da aikin kafinta da noman lambu. Kada ku ɗauka koyon sana'a ne kawai. A wajen girki suke koyon awo da lissafi, a lambu kuma suke koyon kimiyya. Wata rana aka ba su auduga su raba ta da angurya da hannu. Rabin sa'a ta wuce, abin da suka gurza bai taka kara ya karya ba. Da suka kwatanta ta da gashin tumaki, sai suka gano da kansu dalilin da ya sa kakanninsu suka fi sa tufafin ulu kafin a ƙera injin gurza.

To, mene ne aikin malami a nan? Shi ya zaɓi audugar, shi ya san inda darasin ya dosa, shi kuma ya yi tambayoyin da suka sa yaran tunani. A ganin Dewey, yin abu kaɗai ba ilimi ba ne. Ya kawo misalin yaron da ya sa yatsa a wuta. Ƙunar ba ta zama darasi sai yaron ya gane cewa sa yatsan ne ya jawo zafin. Aikin malami shi ne ya taimaki ɗalibi ya waiwayi abin da ya yi, ya dubi sakamakonsa, ya shirya abin da zai gyara gaba.

A 1904 ya bar Shikago saboda saɓani da hukumar jami'ar, ya koma Jami'ar Columbia a birnin Niyok. Ya yi lacca a ƙasar Sin daga 1919 zuwa 1921, ya kuma ba gwamnatin Turkiyya shawara kan ilimi a 1924. Sai dai wasu makarantu sun yi wa koyarwarsa mummunar fahimta, suka sakar wa yara mara su yi abin da suka ga dama. Saboda haka a 1938 ya wallafa littafi ya gargaɗe su cewa malamin da ya janye hannunsa ya tauye haƙƙin ɗalibi, domin ya fi yaron sani da gogewa. Dewey ya rasu ranar 1 ga Yuni, 1952, yana da shekara 92.

Ku ma masu koyon Hausa wannan darasi ya shafe ku. Ku je kasuwa ku yi ciniki da Hausa, ko da za ku yi kuskure. In kun dawo aji, ku gaya wa malaminku kalmar da ta kuɓuce muku da inda mai kaya ya kasa fahimtarku. Ku tattauna dalili, ku gyara, sannan ku sake komawa.